Yadda ake shirya tafiyar keken dutse ta farko zuwa tsaunukan Atlas na Maroko

Duk wanda ya zo mini da maganar yana son ya gwada hawan keke a duwatsun wata ƙasa, Maroko nake tura shi. Jirgin Royal Air Maroc na zuwa Kasabalanka daga Legas da kuma Yamai, daga Kasabalanka kuma jirgin ƙasa ya kai ka Marrakesh cikin kusan awa uku. Abinci halal ne, masallaci kuwa kowane ƙauye da nasa. Daga Marrakesh zuwa Imlil, ƙauyen da ke gindin dutsen Tubkal mai tsayin mita 4,167, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba ce a mota.

Fara da zaɓen lokaci. Afrilu da Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. Tsakiyar shekara zafin Marrakesh sai ya tuna maka da Sakkwato, lokacin sanyi kuma dusar ƙanƙara kan toshe manyan mashigai. Ka duba kalandar Musulunci ma, kada tafiyarka ta faɗa cikin azumi.

Sai kamfanin jagora. A nan ne yawancin sababbi ke yi wa kansu illa, domin kowa kunya yake ji ya ce shi ɗan koyo ne. Kowane kamfani da yadda yake raba tafiye-tafiyensa mataki-mataki, kuma “matsakaici” a wurin Bature da ya taso a duwatsun Alps ba matsakaicinka ba ne. Kada ka tambayi kilomita nawa ake yi a rana, wannan ba ya gaya maka komai. Tambayi mita nawa ake hawa sama kullum, sannan gangarar a kan faffaɗar hanyar ƙasa take ko a kan siririyar hanyar alfadarai. Tambayi ko akwai motar da ke bin ayari, da kuma mutum nawa ke hannun jagora ɗaya. In sun wuce takwas, ni dai ba na zuwa. Ka tambaya kuma ko an gyara hanyoyi da masaukan da za ku bi, don girgizar ƙasar Satumban 2023 ta yi ɓarna sosai a ƙauyukan wannan yanki.

Kada ka ɗauki kekenka. Kuɗin ɗaukarsa a jirgi da wahalar kwance shi da ɗaure shi sun yi yawa, yi haya a can. Aika musu tsayinka tun da wuri, kuma ka nace a ba ka mai sirdin da ke sauka da danna maɓalli.

Yanzu ga inda na sha kashi. Na yi wata uku ina atisaye, ina yin kilomita hamsin a kan kwalta ba tare da na ji komai ba, na ɗauka na shirya. Ashe hawa ba shi ne ke kayar da mutum ba. Hawa in ya gagare ka, ka sauka ka tura, ba wanda zai yi maka dariya. Gangara ce abin tsoro. Mu da muka saba da babur, hannunmu ya san cewa birkin gaba yana dama. Keken da aka ba ni kuwa an haɗa shi irin na Faransawa: birkin gaba a hagu, na baya a dama. Ban duba ba, ba wanda ya gaya mini. A gangara ta farko na ji tayar baya na zamewa a kan tsakuwa, na firgita na damƙe na hagu da yatsu huɗu, ina zaton na baya na kama. Birkin waɗannan kekunan na mai ne, yatsa ɗaya ya ishe shi. Sai ga ni na tashi sama ta kan keken, na sauka da kafaɗa. Sauran kwana biyun a cikin mota na yi su, ina kallon wasu ta taga.

Don haka ranar da aka miƙo maka keke, kafin ka hau, tura shi gaba ka matsa kowane birki ka ga wace taya ce ta tsaya. In ba haka ka saba ba, ce wa makanikin ya sauya maka, aikin ‘yan mintoci ne. Kuma tun a gida ka koyi gangara: sirdi ƙasa, ka miƙe tsaye kan feda, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, yatsa ɗaya a kowane birki, ido can gaba ba kan tayar gaba ba. Wanda ke kusa da Jos ya more, duwatsun Shere sun ishe shi makaranta, ga shi garin kansa yana kan tudu mai kusan mita 1,200, huhu zai ɗan saba kafin Imlil da ke wajen 1,800. Wanda ba ya kusa ya nemi kowane tudu mai tsakuwa ya yi ta hawa da sauka.

Sauran abubuwan ba su da wuya. Ɗan Najeriya na bukatar biza, nemi ta da wuri, da takardar kamfanin a hannunka. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar hatsarin keken dutse, karanta ka ga an rubuta shi ƙarara. Hular kwano ka je da taka. Gajeren wando mai soso guda biyu, ka ɗora dogon wando a kai saboda mutuncin ƙauyawa. Safar hannu, tabarau, rigar sanyi don dare. Ka ciri dirhami, kuɗin ƙasar, tun a Marrakesh, domin a ƙauyuka tsabar kuɗi ake karɓa, kuma ka ware na jagora da mai dafa abinci da direba daban kafin shayin na’ana’a da tsaraba su cinye su.