Yadda za ka tunkari wasan Cat on a Hot Tin Roof in an ba ka shi a asaimen

In kana karatun adabin Turanci aka haɗa ka da wannan wasan na Tennessee Williams, kar ka fara da fim ɗin 1958 na Paul Newman da Elizabeth Taylor don ka ga littafin zai ci maka lokaci. Dokar tace finafinai ta Hollywood a lokacin ta hana a taɓo zancen luwaɗi, sai aka goge shi, in ka gama kallo ba za ka ma gane me ke cin Brick, jarumin wasan, ba. Nemi littafin. Ka kuma duba wane bugu ne a hannunka, don kashi na uku aƙalla iri biyu ne, akwai na farko da marubucin ya yi, akwai wanda ya sake saboda darakta Elia Kazan ya ce lallai Big Daddy, uban Brick, ya dawo dandali a ƙarshe, wannan na biyun aka nuna a Broadway, cibiyar wasannin dandali ta New York, a 1955.

Labarin gajere ne. Dare ɗaya, gidan gona mai eka 28,000 a Mississippi, Big Daddy ya cika shekara 65, ciwon daji na cinsa an ɓoye masa, babban ɗansa Gooper da matarsa Mae sun zuba ido kan gado. Ƙaramin, Brick, ya karya ƙafa yana dogara sanda, ya daina kwanciya da matarsa Maggie, giya kawai yake ɗirka tun mutuwar amininsa Skipper.

To ga kuskuren da ɗalibai ke yi, sai su ƙarar da takarda kan tambayar shin Brick ɗan neman maza ne ko a'a. Bar ta. Williams da kansa ya rubuta cikin bayanin dandali na kashi na biyu cewa ya kamata a bar wani abu a lulluɓe game da mutum, wato da gangan ya ƙi faɗa. Abin da za ka bi shi ne wayar tarho. Skipper ya bugo wa Brick yana cikin maye, ya buɗe masa cikinsa, Brick ya kife wayar, ba su sake magana ba har ya mutu. Ka ɗauki biro ka ja layi duk inda Brick ya kawo wani dalilin shan giyarsa, farko ya ce ƙaryar da ta cika duniya ce ta gundure shi, sannan ya ɗora wa Maggie don ita ta tunkari Skipper da zancen cewa son mijinta yake yi har suka yi yunƙurin kwanciya don ya nuna mata ba haka yake ba kuma ya kasa, sai da ubansa ya matse shi lungu kafin wayar ta fito. Kowane dalili mayafi ne a kan na bayansa, a nan makinka yake.

Sannan ka kalli ɗakin da kyau. Ɗakin kwanan da ake komai a ciki na Jack Straw da Peter Ochello ne, tuzurai biyu masu gonar na asali da suka rayu tare, su suka ɗauki Big Daddy aiki har gonar ta dawo hannunsa. Big Daddy ya ce da ɗayan ya rasu ɗayan ya daina cin abinci kamar karen da ubangidansa ya mutu. Abin mamaki shi dattijon nan mai ashar da tsawa bai ɗaga hankali da zancen ba, ɗan nasa ne ya haɗa gumi yana ihu, har yana ba da labarin yadda suka kori wani yaro daga ƙungiyarsu a jami'a kan zargi irin wannan. Ni dai nan ne na fi so a wasan, don kowa ya zaci uban ne zai yi hukunci.

Ka sa tarihi amma kaɗan, kamar gishiri. A 1952 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa neman maza cikin jerin cututtuka, sai 1973 suka cire, a 1953 shugaba Eisenhower ya sa hannu a umarnin da aka yi ta korar ma'aikatan gwamnati da shi kan wannan zargi. A Landan ma a 1958 ba a ba wasan lasisi ba, sai a matsayin kulob na membobi aka nuna shi. Layi uku ya isa ya nuna tsoron Brick ba daga sama ya faɗo ba.

Kar ka manta da Maggie, sha'awarta ita ce a fili ƙarara, tana son mijinta kuma tana tsoron komawa talaucin da ta taso ciki, shi ya sa ta yi ƙaryar ciki a gaban kowa ta kuma kwashe kwalaben Brick ta kulle.

Batun ra'ayinka kuwa, kowa ya san matsayin addini da al'adarmu, kuma malamin ba shi ya tambaye ka ba, in ka cika shafi biyu da wa'azi zai ja jan biro ya rubuta ina hujja daga littafi. Duk maganar da ka yi ka jingina ta da kashi da wanda ya faɗa, in bugun da ke da kashi na uku iri biyu ne a hannunka ka ambaci wanda ka yi aiki da shi tun a sakin layi na farko.