Yadda za ka kai iyali bakin teku a Kwatano

Mutanen Maraɗi sun san Kwatano da sayen motoci da sauke kaya a tashar jiragen ruwa, amma kaɗan ne ke tafiya da uwargida da yara su ga teku. Idan ka yi niyya, fara da zaɓen lokaci. Hutun Disamba ya fi, domin daga Afrilu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi a can.

Sai hanya. Wadda aka saba ita ce Ƙonni, Doso, Gaya, a haye kogin Isa zuwa Malanbil, a bi Paraku. Sai dai tun 2023 ake fama da rufe wannan iyaka ta Nijar da Benin, don haka ka je tasha ka ji ta bakin direbobi kafin ka yanki tikiti. Kowa ya riƙe katin shaida da na rigakafin shawara. Kuɗi kam ba canji, sefarmu ce suke kashewa.

In kun sauka, bakin ruwan Fijirose yana cikin gari, 'yan kabu-kabu masu rawayar riga duk sun san wurin. Ku je da hantsi ranar aiki. Lahadi da yamma cinkoso da kiɗa sun yi wa yara yawa. Mai son natsuwa ya wuce Wida, ko Giran Popo kusa da iyakar Togo.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Yaron da ya iya ninƙaya a tafkin Madarunfa gani yake ya san ruwa. Wannan tekun kuwa igiyarsa tana dukan mutum ta kayar, in za ta koma ta janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Kada kowa ya wuce gwiwa, kada ya juya wa ruwa baya, ƙanana kuma a riƙe musu hannu. Zane da dogon hijabi suna yin nauyi in sun jiƙe, Hajiya ta tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi, ya bi gefe-gefe har ya fita daga jan, na tudu su kira masunta. Masu son wanka sosai su biya kuɗin wurin ninƙaya na otal.

Ku tafi da tabarma da ruwan sha. Na teku gishiri ne zalla, ko da yake alwala da shi ta halatta. Kwakwa kuma a can za ku saya, a fasa muku ita nan take.