Darasi na Bakwai: Kare Kai Daga Ƙura da Warin Fenti Lokacin Gyaran Gida

Yawanci ana tayar da gyaran gida ne idan biki ya matso, ko Sallah ta kusa, ko kuma bayan damina ta wuce ta bar katanga da tsagewa, rufi kuma da yoyo. A irin wannan lokaci hankalin maigida yana kan kuɗin siminti da na birkila, da wuya ya tuna cewa a cikin iyalinsa akwai wanda ƙirjinsa ba ya jure abin da na sauran mutane ke jurewa. Akwai mai ciwon asma, wanda wasu ke kira fuka, akwai tsohuwa mai tari, da mace mai juna biyu, da jariri, akwai kuma wanda da zarar ya shaƙi warin fetur ko turare mai ƙarfi sai kansa ya sara, idanunsa su yi ja, ya kama atishawa. Ana yawan ce wa irin wannan mutum yana da raki, alhali kuwa jikinsa ne yake da saurin jin abin da ke cutarwa. Saboda haka tun kafin a sayo buhun siminti na farko, a fara yanke shawarar inda zai zauna har aiki ya ƙare, ko a ɗakin da ya fi nisa da wurin aikin, ko a gidan 'yan'uwa, wanda shi ne ya fi.

Ƙurar gini

Yashi da bulo da tayil suna ɗauke da wani sinadari da ake kira silika. Idan aka fasa bango, ko aka yanka tayil da inji a bushe, ƙurar da ke tashi iri biyu ce. Mai kauri, wadda ido ke gani, hanci yana tare mafi yawanta. Mai laushin kuwa takan daɗe tana yawo a ɗaki bayan ma'aikata sun tashi, kuma ita ce ke shiga can cikin huhu ta zauna, ta tayar wa mai asma ciwonsa nan take, ta kuma lalata huhun magini a hankali cikin shekaru.

Maganinta ruwa ne, kuma wannan dabara ce da matan gida suka daɗe da sani, domin ba sa sharar tsakar gida sai sun yi yayyafi. A jiƙa bango kafin a fasa shi, a yanka tayil a waje ana zuba wa bakin injin ruwa tare da kiyaye wayar lantarki, a kuma toshe ƙofar da ke tsakanin wurin aiki da sauran ɗakuna da babbar leda, a cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasanta. Idan an gama, a goge ƙasa da tsumma mai ruwa, domin tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi ta sake sauka a kan gado da kwanukan abinci.

Tsohon gida yana buƙatar ƙarin hattara. Silin na asbestos da aka yi yayi a tsofaffin gidaje, idan aka fasa shi ko aka huda shi, yana sakin wasu ƙananan zaruruwa waɗanda ke haddasa ciwon daji a huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko fiye. Idan dole ne a cire shi, a jiƙa shi, a sauke shi ɗaya bayan ɗaya ba tare da an karya ba. Haka nan tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi yana iya ƙunsar dalma, don haka kada a goge shi da sanfefa a bushe, kada kuma a ƙone shi da wuta. Mun ga abin da ƙurar dalma ke yi a shekarar 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar tana zuba inda suke rarrafe. Duk wanda ya yi aiki cikin ƙura ya tuɓe kayansa ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro.

Wari da tururi

Fentin ruwa ya fi sauƙin wari, shi ya kamata a zaɓa wa ɗakin kwana. Fentin mai, wanda ake sirkawa da tina ko fetur ko kananzir, yana ci gaba da fitar da tururi kwanaki da yawa bayan ya bushe a hannu, kuma haka gam ɗin liƙa kafet yake, da maganin gara da ake shafa wa katako. Na taɓa ganin an yi wa ɗakin amarya fentin mai ana gobe jere, a cikin hunturu, aka rufe tagogi saboda sanyi, aka kuma banka turaren wuta don a kashe warin. Yarinyar tana da asma, kuma darenta na farko a asibiti ta yi shi. Turare rufe wari kawai yake yi, tururin yana nan yadda yake, ga hayaƙi an ƙara masa. Haka ma madarar da wasu masu fenti ke sha bayan aiki ba ta wanke huhu, domin ciki take tafiya.

Abin da ke aiki shi ne iska da lokaci. A bar tagogi da ƙofa a buɗe, a kafa fanka a bakin taga tana fuskantar waje don ta ja tururin ta fitar, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin sai bayan aƙalla kwana 3. Mai raunin ƙirji ya jira har sai an rufe ɗakin na dare ɗaya, an buɗe da safe ba a ji wari ba. Gaya wa mai fenti gaskiya tun farko ba abin kunya ba ne, ana iya ce masa: “Malam, akwai mai asma a gidan nan, don Allah a yi mana da fentin ruwa, sirkin kuma a yi shi a waje.”

Abubuwa biyu suna kisa cikin gaggawa. Janaretan da ma'aikata ke kunnawa yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, don haka a ajiye shi a fili, nesa da tagogi, kada a saka shi a zaure ko a lungu. Sannan asid ɗin da ake wanke sabon tayil da shi, idan ya haɗu da ruwan bilic irin su Hypo, yana tayar da iskar da ke ƙona maƙogwaro da huhu.

Takunkumi da matakin gaggawa

Rawani ko mayafi da takunkumin asibiti ba sa tare ƙura mai laushi. Wanda ake kira N95 yana tare ta idan ya zauna daram a fuska, amma gemu mai yawa yana hana shi kamawa, kuma ba ya tare tururin fenti ko kaɗan. Na tururi shi ne na roba mai ɗauke da matatar gawayi a gefe.

Mai asma ya ajiye maganinsa na shaƙa a aljihu duk tsawon aikin. Idan ƙirjinsa ya riƙe, numfashinsa yana fito, a fitar da shi fili, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a ba shi maganin ya shaƙa. Idan bai samu sauƙi ba cikin 'yan mintuna, ko ya kasa gama magana saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, a garzaya da shi asibiti, a kuma tafi da gwangwanin fentin ko robar sinadarin don likita ya ga abin da ya shaƙa.