Ɗaki ɗaya, dare ɗaya: yadda za ka rubuta wasan dandali na farko

Duk hutun ƙarshen shekara yaran ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Unguwar Rogo da ke Jos sukan kawo mini rubutu in duba. Bana wani ya kawo labari mai sarki da yaƙi da jirgin sama da mutum 32. Na ce masa, ƙanena, dandalinmu fa aji ne, benci huɗu da labule. Jirgin a ina zai sauka?

Irin wannan ne ke sa in ba su labarin David Williamson, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Ostireliya. An haife shi a Melbon a 1942. Injiniyanci ya karanta a Jami'ar Monash, yana koyarwa a kwalejin Swinburne yana rubutu, kuma bai ajiye aikin ba sai da wasanninsa suka karɓu. To kai ma riƙe shagonka ko ajinka, ka yi rubutu bayan sallar isha'i.

Fara da wurin da za a yi wasan, labari ya biyo baya. Williamson ya fito ne daga La Mama, wani ɗan ƙaramin gidan wasa a unguwar Carlton ta Melbon da Betty Burstall ta buɗe a 1967. Masu kallo kusan gwiwarsu na taɓa 'yan wasa. A nan aka fara nuna wasansa The Removalists a 1971: mutum shida kacal, wuri biyu, ofishin 'yan sanda da gidan wata mata da mijinta ke duka. Je ka auna ajin da za a ba ka aro da taku, ka ƙirga 'yan wasan da ka tabbata za su zo gwaji ko ana zuba sanyin Jos na Disamba. Idan biyar ne, rubuta wa biyar.

Daga nan sai ka ɗaura wa labarin agogo. Wannan shi ne abin da na fi so a aikinsa. Don's Party, shi ma na 1971, dare ɗaya ne tak: daren zaɓen Ostireliya na 1969. Abokai sun taru a gida suna jiran jam'iyyar Leba ta Gough Whitlam ta ci, sakamako na shigowa ta talabijin, nasara na suɓucewa, su kuma bakinsu na buɗewa, har kowa ya tona abin da ya daɗe yana ci masa rai. Mu ma muna da irin wannan dare. Ɗauki daren kawo lefe: dangin ango sun taso daga Bukuru, an ce akwati shida, labari ya riga su cewa biyar ne. Gwaggo na tsakar gida, uwar amarya na ɗaki, mota na hanya. Kafin a yi sallama a ƙofa dole wani ya faɗi gaskiya. Ba ka buƙatar sarki.

Sai kunne. A wancan zamani gidajen wasan Ostireliya sun fi nuna wasannin Ingila da Amurka. Su Williamson suka sa mutanensu suna magana a dandali yadda suke yi a titi, har da ashar. Ban ce ka kwaso ashar ba, iyaye za su zo kallo. Amma zauna wurin mai shayi a Taminus, ko cikin 'yan gwari a kasuwar Farin Gada, ka saurari yadda ake ciniki da yadda ake faɗa. Hausar Jos daban take da ta Kano, mai sayar da dankali daga Bokkos ba ya magana kamar malamin Islamiyya. Kada ka gyara masa nahawu. Kuma ka lura, mai fushi ba ya cewa "na yi fushi". Cewa yake "ba komai, Allah ya kyauta," ya ja kujera da ƙarfi.

Idan ka gama, kada ka kai wa kowa ya karanta a zuci. Tara 'yan wasa, raba takardu, ka zauna a baya da biro ka yi shiru. Inda harshen ɗan wasa ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba. Inda wani ya zaro waya yana dannawa, ja layi, wannan fitowar ta yi tsawo. Wasana na farko shafi 40 ne, bayan karatu biyu ya koma 23, kuma jawabin da na fi alfahari da shi ne ya fara tafiya.

Yaron nan mai jirgin sama ya dawo shekaranjiya da shafi tara. Shagon tela ne a Dilimi, daren jajiberin salla, an ɗauke wuta, mutum uku na jiran ɗinki kuma yadin ɗaya ya ɓace. Ranar Asabar bayan la'asar za mu karanta.