Idan 'yar'uwa ta ƙwanƙwasa miki ƙofa da dare

Shekara 12 ke nan ina cikin zumuntar mata ta ikkilisiya, amma akwai daren da har yau nake roƙon gafarar Ubangiji a kansa. Wata 'yar'uwa ta zo mini da goyo a baya, idonta na hagu ya kumbura ya rufe. Na ce mata, "Yi haƙuri, aure ya gaji haka." Gari na wayewa na raka ta ɗakinta. Bayan wata uku mijin ya karya mata hannu.

Don haka idan ta zo miki, ki fara shigar da ita. Ki dafa ruwa ki gasa mata wurin, ki ba yaron abinci. Kada ki tambaye ta me ta yi masa. Da safe ku tafi asibiti, ki ajiye takardar likita, ki ɗauki hoton raunin a waya idan ta yarda.

Bayan ta huta, ku buɗe 2 Sama'ila 13. Da Amnon ɗan Sarki Dawuda ya ci mutuncin 'yar'uwarsa Tamar, ɗan'uwanta Absalom ya ce ta yi shiru, ta zauna a gidansa cikin kaɗaici. Dawuda ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ɗansa ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon. Ni a ganina shirun nan ne ya yi wa zunubin taki. Ki nuna mata cewa laifin na Amnon ne, Tamar ba ta da ko ɗigo a ciki, domin yawancin matan da na zauna da su kansu suke zargi.

Sai ku je wurin matar fasto, daga nan zuwa dattawan ikkilisiya, kina gefenta. Ki roƙa kada a zaunar da ita gaban mijin a ranar, tsoro zai sa ta ce babu komai. A kira shi shi kaɗai, a karanta masa Malakai 2:14, inda Allah ya tsaya shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, da 1 Bitrus 3:7, inda rashin girmama mace ke tare addu'ar miji.

Zai yi kuka, yawanci suna yi. Dawuda ma ya tuba da gaske, ga Zabura 51, duk da haka takobi bai rabu da gidansa ba, kamar yadda annabi Natan ya faɗa masa. 'Yar'uwar tana iya yafe wa mijin tana gidan iyayenta, har a ga ya bar giya idan yana sha, ya kuma yarda dattawa su riƙa bibiyarsa wata da watanni. Idan ya yi barazanar kisa, a je wa 'yan sanda, tun 2015 Najeriya ke da dokar hana cin zarafin mutane.

Ran Lahadi ki biya ki ɗauko ta, ku zauna benci ɗaya, don idanun mutane ne ke hana irinsu zuwa sujada.