Kafin Ka Biya Kuɗin Talla, Riƙe Wanda Ya Taɓa Saye A Wurinka

Jakunkuna nake sayarwa ta intanet, kuma wayata ce shagona. Masu shigowa wannan sana'a sukan tambaye ni nawa za su zuba a talla don su tara mabiya, ni kuma nakan ce su ajiye kuɗin tukuna. Ƙaramin ciniki yana girma ne idan wanda ya saya jiya ya dawo da ƙafarsa, ya kuma janyo wani. Talla ga wanda bai iya riƙe kwastoma ba zuba ruwa ce a kwando.

Fara da rage hajarka. Na san wannan yana da wuya, don mutum gani yake idan ya baza takalma da turare da agogo da cajar waya, dole wani ya ga abin da yake so. Amma mai saye ba ya tuna shafin da ke sayar da komai. Wanda yake tunawa shi ne wanda za a ce masa, in jaka kake nema, ga lambar wane. Ko Amazon, babban shagon nan na intanet, da ya buɗe a 1995, littattafai kaɗai yake sayarwa, daga baya ne sauran kaya suka biyo. Zaɓi abu ɗaya da ka sani ciki da waje, wanda in an tambaye ka ingancinsa ba sai ka koma wurin mai sari ka tambaya ba.

Sai lissafi. Da yawa suna cire kuɗin sari daga kuɗin sayarwa su kira ragowar riba. Ina kuɗin ɗauko kaya, da leda da kwali, da data, da cajin banki, da kuɗin mai kaiwa, da jakar da aka dawo da ita zik ya lalace? Sai ka cire duk waɗannan ne za ka san abin da kowace jaka take bar maka. Rubuta wannan adadin ka ajiye, za mu dawo kansa idan mun zo maganar talla. Kuma ka buɗe wa sana'ar asusunta daban, kada jari ya haɗu da kuɗin aljihunka.

Mai saye ta intanet ba ya iya taɓa kaya, ba ya iya juya shi, saboda haka hoto ne zai yi masa aikin hannu. Ba sai ka sayi kyamara ba. Ka tsaya kusa da taga da rana, ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka goge gilashin kyamarar wayarka. Ni kowace jaka ina ɗaukar ta gaba da baya, in buɗe cikinta a ga aljihunan, in matso kusa da ɗinki da zik, sannan in ɗauki wani ya rataya ta don a gane girmanta. Gajeren bidiyo da ake buɗe jakar ana zuba kaya a ciki yana amsa tambayoyin da sai ka yi dogon rubutu kafin ka amsa su. Kada ka ƙara wa hoto kala. Idan jakar da ta iso ba ta yi kama da wadda aka gani ba, ka yi ciniki ɗaya, amma ka rasa na gaba. In akwai ɗan tabo a jikin kaya, nuna shi da kanka, ka rage kuɗin.

Kuma don Allah ka rubuta kuɗin kaya a ƙarƙashin hoton. Wannan ɗabi'a ta cewa a biyo ka ta saƙo a ji farashi tana korar mutane masu kunya, waɗanda ba sa son su tambaya sannan su ce ba za su iya ba. Wasu ma zargi suke yi cewa kallon mutum kake yi kafin ka yanka masa kuɗi. Rubuta girma, da abin da aka yi kayan da shi, da kalolin da suka rage, da kwanakin da zai ɗauka kafin ya iso.

Wurin da ciniki yake ƙullewa, a ganina, shi ne WhatsApp Business. Manhajar kyauta ce, ta fito a 2018, aka ƙara mata katalog a 2019, inda za ka jera kaya da hoto da farashi, ka tura wa mutum ya duba da kansa. Akwai wurin ajiye amsoshin da kake yawan maimaitawa, kamar yadda ake biya da yadda ake kaiwa, ka tura su da taɓawa ɗaya. Akwai laƙabi da za ka liƙa wa kowace hira: sabon mai tambaya, ya biya, an tura, ya karɓa. Akwai saƙon da ke fita da kansa idan ka tashi daga aiki, wanda zai faɗa wa mutum lokacin da za ka amsa. Abu ɗaya da mutane ba sa lura da shi: jerin da ake tura saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar lamba 256 ne, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Haka sitatus, sai kun ajiye lambar juna zai gani, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Don haka duk wanda ya saya, roƙe shi cikin ladabi ya ajiye lambarka. Kada ka jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba. Suna jin haushi, kuma idan ƙorafi ya yi yawa ana iya rufe maka lambar.

Yanzu ga inda na fi ba ƙarfi, wato bayan an biya. Mutumin da ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba hankalinsa a tashe yake har kaya ya shiga hannunsa. Kada ka bar shi ya riƙa bin ka da tambaya. Da kuɗi sun shigo, ka ce sun shigo. Da ka ɗaure kaya, tura masa hoton ƙunshin da sunansa a kai. Da ka miƙa wa mai kaiwa, faɗa masa. In an samu jinkiri, kai za ka fara kira, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru. Bayan kwana biyu da karɓa, rubuta masa layi ɗaya: yaya ka ga jakar? Idan ya yaba, nemi izininsa ka sa maganarsa a shafinka, ka rufe sunansa da lambarsa. Idan ya yi ƙorafi, ka gode masa da gaske, domin wanda ya yi shiru ya tafi wurin wasu zai kai ƙorafin. Canja masa, ko ka mayar da kuɗin bisa ƙa'idar da ka rubuta tun farko kowa ya gani. Cikin kwastomomina da suka fi daɗewa akwai waɗanda da matsala muka fara, yadda aka warware ta ne ya sa suka zauna.

Ka ajiye littafi, ko na takarda ko na kwamfuta: suna, lamba, abin da ya saya, kala, rana. Idan sabon kaya ya zo, kafin ka sa a shafi, duba littafin. Wadda ta sayi baƙar jakar ofis wata shida da suka wuce, ka rubuta mata da sunanta cewa irin wadda take so ta zo, kin ga na ce in fara nuna miki. Wanda ya kawo maka mai saye, ka yi masa ragi a sayayyarsa ta gaba, ka kuma faɗa masa dalili. Littafin yana da wani amfanin. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne, sun ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. Shafi ba naka ba ne, aro aka ba ka, ana iya rufe shi ko a sace. Lambobin da ke cikin littafinka kuwa naka ne. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane shafi, wato ƙarin lambar sirri da ake nema kafin a shiga shafin, kuma lambar sirri da aka turo maka ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake.

In duk wannan ya zauna, to sai talla. Fara da ɗan abin da in ya tafi ba zai taɓa jarinka ba. Wajen zaɓar manufar tallar a Facebook ko Instagram, zaɓi a turo maka saƙo, irin wadda in an taɓa ta take buɗe hira da kai kai tsaye. Saka talla biyu na kaya ɗaya, kowace da hotonta daban amma rubutu iri ɗaya, ka bar su su yi 'yan kwanaki, ka ga wanda ya fi kawo masu magana. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san me ya yi aiki ba. Daga nan raba kuɗin da ka kashe da yawan waɗanda suka biya, ban da waɗanda suka tambaya suka wuce. Kwatanta sakamakon da ribar nan da na ce ka rubuta. Idan samo mai saye ɗaya ya fi ribar jaka ɗaya tsada, tallar ba za ta biya kanta ba sai mutumin ya dawo karo na biyu. Tun da Apple ya fara tambayar masu iPhone izini kafin manhajoji su bi sawunsu a 2021, alƙaluman da kamfanonin talla suke nunawa ba su cika kamar da ba, shi ya sa nake tambayar kowane sabon kwastoma a ina ya gan mu, in rubuta.

Sayen mabiya ɓarnar kuɗi ce, ba sa saye. Masu suna a intanet da ake biya su tallata kaya kuwa, kar yawan mabiyansu ya ruɗe ka, karanta abin da mutane suke rubutawa a ƙarƙashin bidiyonsu, ka ga ko irin masu sayenka ne. Ba kowannensu kalmar ragi tasa daban, wadda mai saye zai faɗa maka a yi masa ragi, don ka ƙirga wanda ya kawo ciniki.

Ƙara kaya kuma littafin ne zai gaya maka lokacinsa. Abin da ya fi fita, ƙara shi. Abin da ya kwana wata da watanni, karya kuɗinsa ka fitar, jarin ya dawo ya juya. Sabon nau'in kaya ka ɗauko shi daga abin da kwastomominka suke yawan tambaya ba ka da shi, ka fara da kaɗan. Ranar da ka ga saƙonni suna kwana ba amsa, ka ɗauki mai taimako, ka fara ba shi ɗaurin kaya da bin masu kaiwa, hira da masu saye ta zauna a hannunka har ya koyi yadda kake yi musu magana.