Yadda Ake Zaɓen Injin Yankan Ciyawa na Turawa da Hannu

Daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da damina ta kankama a Gombe, ciyawar tsakar gida kan yi tsawo cikin mako guda, kuma a jihar da aka san yankin Kaltungo da yawan saran kububuwa, barin ciyawa ta yi duhu kusa da ɗaki ganganci ne. Magidancin da ya gaji da neman mai lauje zai iya sayen injin da ake turawa, sai dai ya kamata ya auna shi da ƙasarmu da ƙurarmu kafin ya dubi kyan fentinsa.

A fara da abin da ke tayar da injin. Mai waya yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya aiki sai akwai wuta, kuma wayar kan shiga gaban wuƙa. Mai batir ba shi da ƙara sosai, ya kuma dace da ƙaramin fili a gidan da ke da sola, musamman tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Ga fili mai faɗi kuwa, mai fetur ne ya fi, kuma a ganina wanda ke ɗauke da injin Honda ko Briggs & Stratton ya fi kwanciyar hankali, domin mai gyaran janareta na unguwa zai iya kwance kafiretarsa ya wanke. Wajibi ne a lura cewa irin waɗannan injuna suna da mazubin baƙin mai daban, don haka ba a gauraya musu mai da fetur kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta. A canza baƙin man bayan awa 5 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 25 zuwa 50 na aiki.

Matatar iska ita ce abin da masu saye suka fi mantawa da shi, alhali ita ce ke tsare injin daga yashin Gombe da ƙurar hunturu. A buɗe murfinta tun a shago, a ga ko hannu kaɗai ke buɗe shi ba sai da sukurdireba ba. Ta soso ana wanke ta a mayar, ta takarda kuwa sai an sauya, saboda haka a tambayi mai shago ko yana da ita a ajiye, tare da wuƙa da fulogi da igiyar tayarwa. Idan ya fara kame-kame, a nemi wani samfurin.

Faɗin yanka na santimita 40 zuwa 46 ya ishi yawancin gidaje. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne hannun ɗaga tsayin wuƙa, wanda ya fi kyau ya zama guda ɗaya mai ɗaga tayoyi huɗu a lokaci ɗaya, domin ƙa'ida ita ce kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a tashi guda, kuma wuƙar da ta yi ƙasa sosai yashi take sara har ta dakushe. Manyan tayoyin baya suna taimakawa a inda ruwa ya zaizaye ƙasa, shi kuwa mai tafiya da kansa ba ya biyan ƙarin kuɗinsa sai a fili mai gangara.

Kafin a biya, musamman idan wanda aka taɓa amfani da shi ne, a tayar da injin, sannan a saki ƙarfen da ake damƙewa tare da mariƙi. Dole wuƙar ta tsaya cikin daƙiƙa 3 ko kusa da haka. Idan an tarar an ɗaure ƙarfen da roba ko waya, a sa a kwance a sake gwadawa. A leƙa ƙarƙashin kwanon da ke rufe wuƙar a duba tsatsa, amma sai an zare hular fulogi tukuna, a kuma karkata injin ta yadda matatar iska za ta kasance a sama don kada mai ya jiƙa ta.